Yadda Ake Shirya Taron Zumuncin Babban Dangi a Sansanin Wikki na Yankari

Duk lokacin da hutun Sallah ko na ƙarshen shekara ya ƙarato, tambaya ɗaya masu karatu suke maimaitawa: ta yaya za a kwashi dangi kamar mutum 30 ko 40, da tsofaffi da masu goyo da ƙananan yara, a kai su wuri irin Yankari su kwana biyu, a dawo lafiya ba tare da rigimar kuɗi ko ɓacin rai ba? Ga matakan bi da bi. An gina su a kan sansanin Wikki da ke gandun dajin Yankari a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, amma yawancinsu za su yi amfani a kowane sansanin shaƙatawa na cikin daji. Ƙa'idar da ta ratsa su duka ita ce, a auna tafiyar da ƙarfin wanda ya fi kowa tsufa da wanda ya fi kowa ƙuruciya, domin samari majiya ƙarfi ko ina aka ajiye su za su kwana, kuma ko me aka ba su za su ci.

1. Neman izini da ƙidayar masu tafiya

Kafin a yi maganar mota ko ɗaki, a fara zuwa wurin babban gida ƙafa da ƙafa, ba ta saƙon waya ba. Bayan gaisuwa sai a ce, “Baffa, mun yi shawarar a haɗa zuriya wuri ɗaya a wannan hutun, mun zo neman izininku da albarkarku.” Idan kiran ya fito daga bakinsa, gidajen da ke da ɗan tsamin dangantaka ma za su ji nauyin ƙin amsawa.

Daga nan sai a naɗa mutum huɗu, kowa da aikinsa: mai riƙe kuɗi, mai kula da motoci, mai kula da masauki, da mace ɗaya mai faɗa a ji wadda za ta riƙe sha'anin abinci. Kowane gida ya ba da sunayen masu zuwa da shekarunsu, tare da bayanin wanda ke shan magani kullum, da mai juna biyu, da wanda hawa matakala ke ba shi wahala. A tsayar da ranar rufe rubuta suna, aƙalla mako uku kafin tafiya.

Gargaɗi: kada a karɓi “in sha Allahu za mu duba” a matsayin amsa. Wanda bai biya kasonsa ba har ranar rufewa ba ya cikin lissafi, kuma gara a faɗi hakan tun farko cikin ladabi da a wayi gari ranar tafiya da mutum tara a bakin mota babu kujerarsu.

2. Zaɓen lokaci

Hutun da ya fi dacewa shi ne wanda ya haɗe da Asabar da Lahadi, yadda za a samu kwana uku: ranar zuwa, cikakken yini ɗaya, da ranar dawowa. Hutun ƙarshen Disamba yana da daɗin yini, yara ma suna gida, sai dai sanyin hunturu da asuba yana takura wa tsofaffi da masu asma, saboda haka sai da barguna da rigunan sanyi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji, nan ne ganinsu ya fi sauƙi, amma zafin Maris da Afrilu ba abin wasa ba ne ga jariri da mai hawan jini. Da damina daji yana yin kyau ƙwarai, sai dai ciyawa na rufe dabbobi, hanyoyin ciki suna caɓewa, sauro kuma ya ƙaru.

Idan hutun Sallah za a bi, a tuna cewa ranar Ƙaramar Sallah ba ta tabbata sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, don haka kada a kama ɗaki a washegarin ranar da ake zato. A ba da tazarar kwana biyu. Babbar Sallah ta fi sauƙin tsarawa, tunda ana sanin ranarta da zarar watan Zulhajji ya tsaya, kuma ga soyayyen nama a hannu. A kowane hali ranakun Sallah ranakun cunkoso ne a Wikki, wanda duk ya yi jinkirin kama masauki zai rasa.

3. Kama masauki

Sansanin yana da ɗakunan kwana masu daraja daban-daban, daga manya masu falo zuwa na kwanan jama'a irin na ɗalibai. Shawarar da ta fi kowace muhimmanci a wannan jagorar ita ce, a tura mutum biyu su je su gani da idonsu tun kafin ranar rufe rubuta suna. Kuɗin man da za su ƙona bai kai asarar isa da dangi 40 a tarar abin da aka zata ba haka yake ba. Su shiga ɗakunan da za a ba ku ɗaya bayan ɗaya, su buɗe famfo, su kunna fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, su duba ragar taga da makullin ƙofa.

Su kuma tambayi ma'aikata waɗannan abubuwa, su rubuta amsar: ƙarfe nawa ake ba da wuta, ƙarfe nawa ake ɗaukewa, ko an yarda baƙi su yi girkinsu, kuma a ina, nawa ne kuɗin shiga na babba da na yaro, da abin da ake biya wa mota da kyamara, nawa ne kuɗin motar zagaya daji, mutum nawa take ɗauka, ƙarfe nawa ake rufe ƙofar shiga da yamma. Idan an biya kafin alƙalami, a karɓi rasit mai ɗauke da ranaku da adadin ɗakuna da sunan wanda ya karɓa.

Wajen rabon ɗakuna, tsofaffi su samu mafi kusa da wurin cin abinci da wurin ajiye motoci, masu goyo su biyo baya, 'yan mata a haɗa su da wata gwaggo ko inna, samari kuma a ɗakin jama'a. A rubuta rabon tun a gida a karanta wa kowa.

Gargaɗi: idan samari suna sha'awar kwana a tanti, sai da izinin hukumar wurin, kuma a inda ma'aikata suka nuna kawai. Sansanin yana tsakiyar daji ne, dabbobi suna ratsa shi dare da rana.

4. Lissafin kuɗi da rabon kaso

Farashi yana sauyawa daga hutu zuwa hutu, saboda haka a dogara da abin da 'yan aiken suka rubuto. Kuɗin ya kasu gida shida: mota da mai, kuɗin shiga, ɗakuna, abinci da ruwan sha, zagaya daji, sai magunguna da ƙananan kaya. Bayan an haɗa jimilla a ƙara kashi 15 cikin 100 na ko-ta-kwana, domin taya tana fashewa, yaro yana zazzaɓi, baƙon da ba a zata ba yana ɓullowa.

Raba kuɗi daidai-wa-daida tsakanin gidaje shi ne tushen yawancin gunaguni, tunda gida mai mutum uku ba zai ji daɗin biyan abin da gida mai mutum goma sha ɗaya ya biya ba. Tsarin kaso ya fi adalci: babba kaso ɗaya, yaro daga shekara 5 zuwa 14 rabin kaso, na ƙasa da haka babu komai, kakanni kuma a ɗauke musu. A misali, dangi 40 masu kakanni 2, ƙananan yara 6, manya 20 da yara 12 suna da kaso 26. Idan an ƙaddara jimillar ta kama naira 1,300,000, kowane kaso naira 50,000 ke nan, kowane gida kuma ya san nasa ba sai an yi musu ba.

A kowace zuriya akwai gidan da ba shi da halin biya, sau da yawa gidan marayu ko na wadda mijinta ya rasu, kuma su ne suka fi buƙatar a gan su a cikin dangi. Masu hali su cike musu a asirce ta hannun mai riƙe kuɗi, kada sunansu ya fito a jerin da ake turawa kowa a matsayin waɗanda aka biya wa. Taron da ya bar su a gida saboda kuɗi bai cika sunansa na zumunci ba.

Gargaɗi: a riƙe tsabar kuɗi isassu, a raba su hannun mutum biyu. Layin waya yana rauni a cikin daji, kuma tura kuɗi ta waya na iya tsayawa a daidai lokacin da ake jira a bakin ƙofa.

5. Motoci da hanya

Daga garin Bauchi ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata kudu zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji, sannan a ƙara tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji kafin a isa sansanin. Jimilla kimanin kilomita 110. Ga mutum 40, bas biyu masu kujera 18 da ƙaramar mota ɗaya ta tsofaffi sun fi jerin ƙananan motoci takwas sauƙin sarrafawa, kuma ƙaramar motar ita ce za ta zauna a shirye idan larura ta taso da dare. Kayan abinci da tukwane su samu motarsu daban in da hali. Idan shata aka ɗauko, a yi yarjejeniya a rubuce cewa direba zai kwana tare da ku, a kuma sa abincinsa da makwancinsa cikin lissafi.

A cika tanki a Bauchi, mai isar zuwa da dawowa har da rara. A duba tayar safaya da jak da ruwan lagireto tun ana jibi tafiya. Masu tasowa daga Kano ko Kaduna su kama hanya da an idar da sallar asuba, da nufin wuce ƙofar gandun kafin la'asar. A tambayi mutanen Bauchi da direbobin tasha halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro a makon tafiyar, kuma ko me ya faru kada a yi tafiyar dare. Idan an makara, a kwana a Bauchi. Bayan an wuce ƙofa a rage gudu, domin dabba tana iya faɗowa titi ba zato, kuma kada kowa ya sauka daga mota don ɗaukar hoto.

6. Abinci, ruwa da kayan aiki

Akwai gidan abinci a sansanin, amma ciyar da mutum 40 sau uku a rana daga can zai cinye kasafin, saboda haka yawancin iyalai suna haɗawa: su dafa nasu, su sayi abin da ya sawwaƙa. A zaɓi abincin da ba ya lalacewa da wuri kuma ba ya cin lokaci: shinkafa da wake da mai da yaji, dafa-duka, taliya, dambu, shayi da burodi da ƙwai da safe, kunun gyaɗa ko koko saboda tsofaffi da yara. A soya nama da miyar tumatir tun a gida har ruwansu ya ƙone, a haɗa da kilishi, dambun nama, cincin da ƙuli-ƙuli. Kilo 1 na shinkafa yana ciyar da manya 6 zuwa 8, sai a lissafa da yawan cin da za a yi.

Ruwan sha shi ne abin da aka fi yin kuskuren lissafinsa. A ware lita 3 ga kowane mutum a rana, fiye da haka idan bazara ce. Jakar ruwan leda mai ƙwaya 20 lita 10 ce, ke nan mutum 40 a kwana uku suna buƙatar jaka 36, ban da na girki.

Sauran kaya: tukunyar gas biyu cike da murhunsu, manyan tukwane, kuloli masu murfin da ke kullewa, ƙanƙara, tabarmi da dardumai, butoci, bokitai, gidan sauro ga kowane gado, fitilun caji da tocila ga kowane ɗaki, na'urar adana cajin waya, igiyar shanya, sabulu, da manyan buhunan zuba shara. Akwatin magani ya ƙunshi farasitamol na manya da na yara, gishirin ORS na masu gudawa, bandeji, auduga, maganin wanke ciwo da man shafawa na korar sauro. Idan ORS ya ƙare, ana haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Masu ciwon sukari da hawan jini su riƙe maganinsu a jakar hannu, da rarar kwana biyu, allurar insulin kuma a kula mai sanyi ba tare da ta taɓa ƙanƙara ba.

Gargaɗi: kada a sari itace a gandun, kada a hura wuta kusa da busasshiyar ciyawa, kada a shiga da bindiga ko gwafa ko tarko. Farauta haramun ce a dokar wurin, kuma yaron da ya harbi tsuntsu da danƙo zai jawo wa dangi duka magana.

7. Sa'ar farko bayan isa, da maganar birai

Da an sauka, kafin a buɗe kula ko ɗaya, a tara kowa a yi bayani na minti goma. Bika, wato gwaggon biri, sun saba da mutane a sansanin Wikki, sun san leda, sun san kula, sun san tagar motar da aka bari a buɗe. Babban namiji yakan zauna nesa kaɗan kamar ba ruwansa, yana kallon hannun mutane, da zarar yarinya ta fito da ledar burodi sai ya taho a guje ya fizge, kuma haƙoransa suna yin mummunan rauni. Dokokin su ne: ba a ba su abinci ko da wasa, ba a yawo da leda a hannu, ba a barin ƙofa ko taga a buɗe ko na minti ɗaya, yara ba sa cin komai a waje sai da babba a tsaye. Idan biri ya kama abu a sakar masa, kada a yi ja-in-ja da shi. Wanda aka ciza ko aka yakusa a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na kimanin minti 15, a kai shi asibiti a ranar saboda allurar rigakafin haukan kare.

Gadu ma suna kiwo a tsakanin ɗakuna. A bar su su wuce, musamman mai 'ya'ya. A raba yara rukuni-rukuni, kowane biyar da babba ɗaya da aka ambaci sunansa, a kuma riƙa ƙidaya su a kowace sallah. Da safe a kakkaɓe takalma saboda kunama, da dare kuma ba a fita sai da tocila da rufaffen takalmi. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a ɗauke shi a mota zuwa asibiti nan take.

A keɓe wurin sallah a shimfiɗa tabarmi tun ranar farko. Wanda ya taso daga nesa kuma bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana da sauƙin yin ƙasaru, sai a tambayi malamin gida tun kafin a taso don kada a yi ta muhawara a kan sahu.

8. Wanka a ruwan Wikki

Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumin da ba ya sauyawa, kimanin digiri 31 rani da damina, garau har ana ganin yashin ƙasa. Wannan hasken ne yake yaudarar ido, domin ta wajen bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, ya shanye dogon mutum. Yara da waɗanda ba su iya iyo ba su tsaya can ƙasa inda ruwan bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. A sa manya biyu da suka iya ruwa su tsaya a gaɓa, ba sa wanka, ba sa riƙe waya, aikinsu kallo kawai, a canje su bayan rabin sa'a. Yaro yana nutsewa ne shiru babu ihu, kuma ya fi faruwa a inda manya suka yi yawa kowa yana zaton wani na kallo.

Wurin na kowa da kowa ne, don haka iyalin da ke son mata su yi wanka a natse su sauka da sassafe kafin jama'a su taru, da tufafin da ba sa bayyana jiki idan sun jiƙe, maza kuma su koma wani lokacin. Ana sauka ne ta matakala mai tsawo, hawowarta tana wahalar da mai ciwon gwiwa. A riƙe Hajiya a hankali tana hutawa, idan kuma ta ce ba za ta iya ba kada a matsa mata.

9. Zagaya daji

Ana shiga ne da mota tare da ma'aikacin gandun, kuma fitar sassafe ta fi ta rana albarka. A yi rajista tun daren isa, a raba dangi gida biyu idan mota ɗaya ba za ta ɗauke su ba. A sa tufafi masu dogon hannu, masu launin ƙasa, a guji baƙi da shuɗi mai duhu saboda ƙudan tsando yana bin su. Ana iya ganin gwambaza, gwanki, ɓauna, mazo, kada, dorina da tsuntsaye iri-iri, a kuma tsaya a kogwannin Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse. Kada a yi wa yara alkawarin giwa ko zaki, domin dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, ganinsu sa'a ce. Jarirai da masu tsohon ciki su zauna a sansani, girgizar hanyar ta yi musu yawa. Akwai ɗan gidan tarihi da za su iya leƙawa.

10. Zaman zumunci

Wannan shi ne dalilin tafiyar, amma shi aka fi bari sai lokaci ya ƙure kowa ya gaji. A tsayar masa da lokaci, bayan la'asar ta rana ta biyu, a inuwa, wayoyi a aljihu. A buɗe da addu'a ga magabata. Sannan kowane magidanci ya tashi da iyalinsa ya gabatar da su ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi ta inda aka haɗu, domin akwai 'ya'yan wa da ƙani da suke gari ɗaya ba su san juna ba. Bayan haka a ba mafi tsufa dama ya ja salsalar gidan, daga ina aka taso, wa ya haifi wa, wace sana'a aka gāda. A sa wani ya naɗi muryarsa, wani kuma ya rubuta sunayen a takarda, a karanta masa ya gyara tun yana zaune. Yara su matso gaba, a bar su su yi tambaya, a bar wasan jika da kaka da na taubasai ya yi aikinsa.

Idan za a kafa asusun taimakon dangi ko a tsayar da wanda zai shirya taron baɗi, nan ne wurinsa, a taƙaice.

Gargaɗi: rabon gado, rikicin fili da saɓanin ma'aurata ba a buɗe su a wannan zaman. Idan wani ya ɗauko, babban gida ya ce, “An ji, za mu zauna a gida bayan an koma,” a kuma cika alkawarin.

11. Tashi da rufe lissafi

A haɗa kaya tun dare, a karya kumallo da wuri, a bar sansanin da hantsi. Kowane ɗaki a duba ƙarƙashin gado da banɗaki da jikin soket, a tattara shara duka a ɗaure a kai inda ma'aikata suka nuna, ledar da aka yar dabba ce za ta haɗiye ta. A mayar da makullai, a sallami ma'aikatan da suka yi hidima da ɗan alheri, a ƙidaya mutane da sunayensu a cikin kowace mota kafin a tayar, a sake ƙidayawa duk inda aka tsaya shan mai ko sallah.

Cikin mako guda mai riƙe kuɗi ya fitar da lissafi dalla-dalla tare da rasitai, abin da ya yi saura a mayar bisa kaso ko a zuba a asusun dangi idan an amince. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin makonni huɗu da dawowa, musamman yaro ko mai juna biyu, a kai shi gwajin maleriya a ranar, a kuma shaida wa likita cewa an kwana a daji.